Kujerata a Madafi

Matata 'yar Gashua ce, mutuniyar Bade. Na auro ta na kawo ta Nguru, gidanmu na gado da ke bayan kasuwar hatsi, inda kakana ya sauke kayansa da ya taso daga Haɗeja. Tana jin Hausa sarai, sai dai a hankali take yin ta, kamar mai tafiya da takalmin aro. Ni kuwa na ɗauka haka Allah ya halicce ta, mace marar yawan magana, har ina alfahari da hakan a rumfar kasuwa. "Tawa ba ta da surutu," nakan ce, abokai su ce lallai na yi dace.

Madafinmu ba wani abin kallo ba ne. Ɗaki ne na ƙasa a kusurwar tsakar gida, bango uku da rufin kwano, gefe guda a buɗe. Da bazara ko akuya ba ta marmarin shigarsa. Amma da an gama kaka, ruwan randa ya fara cizon haƙori da asuba, sai matata ta tashi da wani aiki da ba ta taɓa neman izinina a kansa ba, don ba ta ɗauka ya shafe ni ba. Ni ma a lokacin ban ɗauka ba.

Takan aika Gashua a kawo mata zana da tabarmin kaba masu ratsin ja da kore, wai na Nguru saƙar ragwaye ce. Ta toshe buɗaɗɗen gefen da zana riɓi biyu, ta lulluɓe shi da tabarmi ta ciki, ta rataya asabari a ƙofa. A kawo mata farin rairayi daga bakin ruwa, ta tankaɗe shi da rariya kamar garin tuwo, ta shimfiɗa a ƙasa. Ta yi wa murhu sabon yaɓe. Sannan ta hau jere: faya-fayai masu launi a bango, manya da ƙanana a cakuɗe yadda idonta ya so, jan barkono da busasshiyar kuɓewa a tsire a zare, ragayar bandar kifi a saman murhu inda hayaƙi zai riƙa samunta, buzun rago a lungun da iska ba ta kaiwa. In ta sauke tukunya sai ta ɗebi garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wutan da take saya wurin wata Babarbariya, ta tura dankali cikin toka.

Wannan duk daga baya na san shi dalla-dalla. A shekarun farko ƙamshi kawai na sani, da sauti. Ni maigida ne, kuma maigida a turakarsa yake cin abinci. Turakata siminti ce tun daga daɓe har bango, da tagar ƙarfe wadda ba ta rufuwa daidai. A kawo mini tuwo yana tururi, kafin in wanke hannu miyar ta yi fata. In ƙudundune cikin bargo a kan darduma, ina cin tuwo ina cin girma, ba mai taya ni ko ɗaya daga ciki.

Daga can kusurwa kuwa dariya ce ke tashi. Bayan magariba mata biyu ke zuwa wurin matata. Ɗaya gwaggonta ce, ƙanwar mahaifinta, tsohuwa mai sana'ar bandar kifi da ta daɗe a Nguru. Ɗayar ƙanwarta ce, 'yar kawunta, tana auren wani direban babbar mota, kuma bakinta ba ya ajiye magana ta kwana. Da sun saki asabari sai Hausa ta tsaya a waje tare da takalmansu, su koma Badanci. A cikin muryoyin nan uku, wadda ta fi tashi, ta fi sauri, ta fi kwashewa da dariya har da tari, ita ce ta matar da nake yabo a kasuwa da rashin surutu.

Ba na jin Badanci, ban da gaisuwa da sunayen wasu kifaye. Mutum kuwa in ana dariya da yaren da ba ya ji, a gidan da ya gada, shi kuma yana zaune kan siminti, tunani ɗaya ne zai zo masa: da shi ake. Wani lokaci nakan ji "Alhaji" ta faɗo tsakiyar maganarsu kamar tsakuwa cikin shinkafa, sai dariya ta biyo baya. Alhazai suna da yawa a Nguru, amma ni ɗaya ne ya zo mini a rai.

Shigata ta farko don kare rayuka na yi ta. A shekarun nan ne da jirgin ƙasa ya koma sai ya ga dama yake zuwa. An yi gobara a wani gida tsallaken titin jirgi, liman ya ja kunnen magidanta a kan wutar jin ɗumi. Sai na ga ya zama wajibi in duba gidana. Na tsaya a bakin asabari, na yi gyaran murya, na yi sallama. Hirar ta yanke kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar labarai. Na sunkuya na shiga.

Ɗumi ya tare ni tun daga fuska. Rairayin nan ya karɓi tafin ƙafata, ga ƙamshin turare ya gauraya da na gasasshen dankali, fitilar ƙwai tana haska ratsin tabarmi. Ban san akwai irin wannan wuri a gidana ba. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta karkata wajen bango, don surukata ce, ba ta haɗa ido da ni, balle ta tauna abu a gabana. Dankalin da ke hannunta ta tura shi ƙarƙashin zane.

"Alhaji, lafiya?" in ji matata.

"Zanan nan na zo dubawa. Kamar ya yi kusa da wuta."

"To, Alhaji."

Ƙanwar tata ta matsa gefe tana buga buzu da tafin hannu. "Mijin Yaya, duba da kyau. Ga wuri nan, daga zaune an fi hango gobara."

Na zauna don kada in kunyata ta. Zanan ya yi nesa da wuta, amma ban gama tabbatarwa ba sai da dankalin tokar ya ƙare.

Washegari na koma in ga ko an matsar da zanan. Ba a matsar ba. Ana nan sai ciwon ƙuguna, wanda ya daɗe yana jiran a neme shi, ya amsa kira. Mai kemis na bakin tasha ya ce sanyi ne, in guji zaman siminti. Bai ce in koma madafi ba, ni kuma ban tambaye shi inda zan gudu ba. Na ce a riƙa kai mini tuwona can na ɗan lokaci, bisa shawarar masana. Abokan kasuwa ban ga dalilin ɗora musu wannan labari ba.

"Yau kai ne da tuwo, mijin Yaya?" in ji ƙanwar, ranar da ta tarar na riga ta zuwa. "A miƙo maka muciya?"

"Ke dai ji da direbanki, wanda in ya ga kwalta sai ya manta yana da mata."

"Ai shi ko ya manta da ni, in ya dawo ya san inda maza ke zama."

Na yi dariya sosai. Sai da na gama na lura ni kaɗai na yi.

Saboda girmamawa suka koma Hausa. Na ce musu kada su damu da ni, su ci gaba da hirarsu kamar ba na nan. Suka ci gaba. Gwaggo, fuskarta a bango, ta tambayi lafiyar yara, aka ce lafiya lau. Aka ce sanyin bana ya fi na bara. Kowa ya yarda. Daga nan sai ƙarar itace yana ci. Na yi mamaki ƙwarai, ashe abin da nake jiyowa daga turaka ke nan, ashe batun sanyin bana ne ke sa mutum dariya har da tari. Da na ga hirar tasu ba ta da ƙashi, sai na taimaka musu. Na ba su labarin yadda gero ke hawa da sauka, da halin dillalan Kano, da abin da ya kamata gwamnati ta yi wa jirgi. Suna cewa "Ikon Allah," suna cewa "Allah sarki." Ban taɓa samun masu sauraro irinsu ba, ko sau ɗaya ba su katse ni ba.

Gwaggo ce ta fara ɗauke ƙafa. Ta aiko cewa gwiwa ce ta matsa mata. Matata ta faɗa mini tana kallon cikin tukunya. Na ce Allah ya sawwaƙe, har na aika wa tsohuwar da man zafi. Kullum da safe ina hango ta ta wuce kasuwar kifi da kwando a ka, tana sauri kamar budurwa, sai in ce lallai man nan yana da kyau.

Tunda zama ya kama ni a wurin, sai na ga bai dace in zauna haka kawai ba tare da na kawo ci gaba ba. Buzu ba ya yi wa mai ciwon ƙugu, don haka na sa kafinta ya yi mini kujera mai jingina da wurin ɗora hannu. Ta cinye wurin mutum biyu. Ƙafafunta suka riƙa nutsewa cikin rairayi, sai na sayo ledar ɗaki aka shimfiɗa a kai. Rediyona yana buƙatar ƙusa a bango, aka sauke wasu faya-fayai. Na sa aka jawo waya aka rataya ƙwan lantarki, wanda a ranakun da aka kawo wuta ya tona asirin duk baƙin hayaƙin da fitilar ƙwai ta daɗe tana rufawa. Duk abin da na kawo, matata takan ce, "To, Alhaji. An gode."

Sai wata rana a rumfa wani abokina ya matso ya shinshina kafaɗata. "Alhaji, ka bar hatsi ka koma banda ne?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Da na koma gida na ce ragayar kifi ta fita, kuma duk miyar da za a sa wa kifi ko daddawa a riƙa yin ta a waje, saboda tufafi. A gidan 'yar Gashua, miyar da ba kifi ba daddawa ban san wace ce ba. Matata ta ɗauki duwatsu uku ta kafa a bayan ɗakin madafin, kusa da turken awaki.

Ƙanwar ita ta fi daɗewa tana zuwa. Ranar ƙarshe ta ɗaga asabari, ta gan ni a kujera na miƙe ƙafa wajen kasko, rediyo yana ta bayani.

"Ina Yaya?"

"Tana baya, tana miya. Shigo mana."

Ta dubi leda, ta dubi ƙwan lantarki. "Au, ashe falon Alhaji na faɗo. A gafarce ni, madafi nake nema." Ta saki asabarin. Na ji takunta ta yi bayan ɗaki, sun ɗan yi magana ƙasa-ƙasa a tsaye cikin iska, sannan ta tafi.

Bayan wannan da 'yan kwanaki matata ta nemi izinin zuwa Gashua ganin gida. Ba ta taɓa tafiya da sanyi ba. Da bazara take zuwa, ko bayan Sallah, don ba ta yarda ta bar madafinta a lokacin da ya fi daɗi. Na ce ta je, ni ba mai tauye mace ba ne. Har ma na ji daɗi, don akwai abin da nake shiryawa.

Tana tafiya na kira magina. Aka yaye zana da tabarmi, aka tayar da bango na huɗu da bulo, aka fasa taga mai gilashi, aka kwashe rairayi aka zuba siminti, aka yi silin, aka shafa shuɗin fenti. Murhu kuwa, tunda shi ne tushen baƙin nan duka, aka rushe shi, na sayo risho sabo fil, a shekarar da kananzir ya fi turare wuyar samu. Ban manta da kayanta ba. Faya-fayan na mayar da su da hannuna, na jera su a layi ɗaya daga babba zuwa ƙarami kamar 'yan fareti. Wani mai sayar da takin zamani ya ba ni kalanda mai hoton wani gari na Turawa, ƙanƙara ta rufe rufin gidaje fari fat, na rataya ta a tsakiya don ta dace da yanayi. Kaskon garwashi kaɗai na bari, saboda ƙugu.

Da aiki ya kammala na shiga mota na tafi Gashua ɗauko ta. Mahaifinta ya rasu, yayanta ne a gidan. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, inda iska ke shigowa ta ƙofa ɗaya ta fita ta ɗaya, aka kawo burabusko da miyar kifi. Muna ci sai na jiyo muryar nan ta tsallako katanga daga madafin mahaifiyarta. Ita ce, ba shakka, tana zuba Badanci kamar an fasa madatsar ruwa, mata suna ta shewa, tana ƙara hawa kansu.

Yayan nata ya girgiza kai yana murmushi. "Tun tana yarinya haka take, ba ta bari kowa ya sa baki. Yaya kake fama da ita a can?"

"Muna haƙuri," na ce.

A raina kuwa na ce lallai ruwan Gashua yana karɓar ta. Na kuma ce, in har wannan tsohon madafi na zana yana sa ta farin ciki haka, ina ga ta ga abin da ke jiran ta a Nguru.

Da muka iso ban bari ta ajiye kaya ba, na ja ta zuwa wurin. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta cire takalmi, ta leƙa kamar mai duba marar lafiya a asibiti. Ta shafa fentin da yatsa. Ta daɗe tana kallon faya-fayan a layinsu.

"Sannu da aiki, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi."

"Shiga mana, ai naki ne."

"To." Ba ta shiga ba. "Murhun fa?"

"Ga risho nan. Ba hayaƙi, ba toka."

Ta gwada, kada a ce ba ta gwada ba. Amma duk wanda ya taɓa ganin ana tuƙa tuwon gero na gida guda ya san ba aikin risho ba ne, juyi biyu za a yi ya kife da tukunyar. Ni ban taɓa tsayawa na gani ba, duk zaman da na yi a wurin. Sai tuwo ma ya bi miya zuwa bayan ɗaki.

A can ta jingina wasu tsofaffin kwanon rufi masu tsatsa a katangar awaki, ta kare gefe da ragowar zanan da magina suka yar. Rufin bai kai ƙirjin mutum ba, sai an durƙusa ake shiga. Ba ta zuba rairayi ba, ba ta rataya ko faifai ɗaya ba, turaren Babarbariya kuwa ta daina saya. Itacen da take zaɓa ma na lura ɗanye-ɗanye ne, ita da a da take mayar wa mai itace kayansa in ta ga ɗigon ruwa a jiki. Hayaƙi ya riƙa fitowa ta kowace kafa kamar ana gasa tukwane.

Ba a yi mako ba gwiwar Gwaggo ta warke. Ƙanwar ma ta dawo. Bayan magariba sai in gan su sun ratsa tsakar gida, sun gaishe ni daga nesa da ladabi, sun yi bayan ɗaki. Jim kaɗan dariya ta tashi, irin ta da, sai dai tarin ya fi yawa.

Na gwada zuwa sau ɗaya. Na durƙusa, babbar rigata ta maƙale a bakin kwano ta yage, hayaƙi ya cika mini ido, wata akuya ta sa hanci a kunnena. Daga cikin duhun na ji muryar ƙanwar: "Mijin Yaya, koma, nan ba wurin manya ba ne." Na koma. Ɗakina yana nan tsaf, shuɗi, da kaskona da garin Turawa a bango.

Haka shekaru suka yi ta wucewa. Wayar hannu ta shigo gari, babura suka cika titi, na sa talabijin a ɗakin. Nan nake sauke baƙi, su duba sama da ƙasa su ce Alhaji ya iya gyara wuri. Har yau a gidan ana kiransa kicin ɗin Alhaji, ko da yake ban da ruwan shayi ba abin da ya taɓa tafasa a ciki. Gwaggo ta rasu, Allah ya jiƙanta, wasu matan Gashua biyu da aure ya kawo unguwarmu suka maye gurbinta. Duk shekara in sanyi ya shigo idanun matata sukan kaɗa su yi ja, ta kama tari, ba ya sakin ta sai zafi ya fara. Na kai ta asibiti, aka ce hayaƙi ne, ta rage zama cikinsa. Ta ce to.

Ni ba mai saurin fahimta ba ne, karatuna bai yi nisa ba, amma abu in ya shekara goma yana wucewa ta gaban mutum kullum, ko bai so ba zai gane fuskarsa. Wata safiya cikin tsananin ɗari na fito daga masallaci na tarar ta rarrafo daga rumfar tata, tana goge ido da bakin zane. Furfura ta fara fito mata a goshi. Na tsaya.

"Hajiya, na yi tunani. Zan koma turaka. A fasa simintin can, a mayar miki da murhunki."

"A'a, Alhaji, ka saba da wurin. Ina baƙinka za su zauna?"

"To bari in aika Gashua a kawo zana da tabarmi masu ratsi. A ɗaga rufin nan, a fitar wa hayaƙi hanya, a zuba rairayi. Ki jera kayanki yadda kike so. Ni ba ruwana da wurin, ko leƙawa ba zan yi ba."

Ta dubi rumfar, tsatsa da baƙi da kashin awaki a gefe. Ta dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da ake yi wa yaron da ya rantse ba zai ƙara taɓa zuma ba.

"Na gode, Alhaji. A bar shi haka."

"Idanunki fa? Tarin nan fa?"

"Da sauƙi. A dai bar shi haka, kada ya yi daɗin zama."

Ta tattara zanenta, ta durƙusa ta koma ciki. Ina tsaye a wurin na ji ta jawo wani ɗanyen itacen ta tura cikin wuta.